'Yar Tsana Mai Goyo

Shekara biyar ina kwana ɗaki ɗaya da ɗana ban taɓa kiran sunansa ba. Kada ku yi mini kallon muguwa, haka muka taras ana yi da ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi kina kallo sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Sunansa Nuhu, ana ce masa Bamalli. Yanzu da tsufa ya cinye mini kunya ina iya faɗa, amma a lokacin "yaron nan" nake cewa, kuma har yabona ake yi a unguwarmu ta Kurmin Sarki, wai Lauratu akwai alkunya.

A shekarun da garin nan yake amsa sunan Abuja ne, ana ta maganar za a ɗauke sunan a kai wa sabon birnin da za a gina can bayan dutsen Zuma, mu a bar mu da Suleja. Baƙi sun fara cika gari, duk mai ɗakin da ba ya kwana a ciki ya sa haya. Mijina, wanda kowa ke kira Maiturare saboda sana'arsa ke nan a kasuwa, ya ba da ɗakuna biyu na ƙofar gida ga wata Bayarabiya Kirista mai aikin jinya a asibiti. Sunanta Morenike, mu kuwa Maman Funmi muke ce mata. Doguwa ce mai murya, in tana gaishe ka daga ƙofa sai makwabta su amsa.

Bamalli bai yi magana ba. Ba kurma ba ne, don in na taɓa marfin langar da nake ɓoye ƙuli-ƙuli, ko yana bayan ɗaki zai ji ya sheƙo. Amma ubansa ya tsaya a kansa ya kira shi sau goma, ko gezau. Aikinsa tun safe shi ne jera marufan kwalaben turare a gefen rariya, manya a gaba, ƙanana a baya, in kaza ta ture ɗaya kuwa ranar unguwa ta shiga uku. In yana son abu ba ya kallon fuskarka, sai ya kama wuyan hannunka kamar ya ɗauki ludayi ya ja ka ya jefa hannun wajen randa ko tukunya. In ka gane, to. In ba ka gane ba sai ya tafi bango ya yi ta buga goshi, ya ciji hannunsa har jini. Abu ɗaya ne ke kwantar da shi, in ɗora shi a baya in tamke da zani in ƙara majanyi, tamau, har sai na ji numfashinsa ya daidaita. Ƙafafunsa na dukan ƙwaurina, yaro ɗan shekara biyar, amma haka nake yi in na rufe ƙofa.

Magani kuwa babu irin wanda ba mu yi ba. Ya sha rubutu har cikinsa ya ɗaure, an yi masa hayaƙi, wanzami ya ɗaga harshensa ya yanki abin da ya yanka. Har ruwan da aku ya sha ya rage aka nemo mana daga gidan wani attajiri. Akun dai ya ci gaba da surutunsa, ɗana ya ci gaba da shirunsa.

Da ƙaramar Sallah surukata, Inna Rahmatu, ta zo daga Gawu. A al'ada ita ce mai yaron, tun daga yaye ya kamata ya koma hannunta. Ta ɗauke shi a lokacin, ya yi kwana uku yana ihu bai sa komai a baki ba, ta dawo mana da shi. Mace ce mai kirki, ba zan ɗauki alhakinta ba, "maigidana" take ce masa irin wasan kaka da jika, tana kawo masa gyaɗa da rogo ko da bai taɓa kallonta ba. Ranar tana zaune a tabarma wata baƙuwa ta ajiye jaririnta mai rarrafe, ya rarrafa ya watsa marufan nan. Kafin kowa ya motsa Bamalli ya hankaɗa shi, bakin jaririn ya bugi dutsen rariya ya fashe.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da tsofaffi ke gane ciki tun mai shi ba ta faɗa ba, ta ce, "Wata nawa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Uku, Inna."

"To, wanda ke tafe haka za a fasa masa baki. Akwai mai maganin iska kusa da mu, ya warkar da waɗanda suka fi wannan. Zan tafi da maigidana."

Na san mai maganin. Na taɓa wucewa ta ƙofar gidansa, na ga mutane a ɗaure a gindin bishiya kamar awaki ranar kasuwa. Washegari da safe da na kai wa Maiturare koko, na durƙusa na yi abin da ban taɓa yi ba, na roƙe shi a kan ɗan fari. Mutum ne mai sanyi, bai iya musu da kowa ba balle uwarsa. Ya daɗe yana juya ludayi a kwano, sannan ya ce, "Daga nan zuwa Babbar Sallah. In ya buɗe baki ya faɗi abin da yake so kamar 'ya'yan mutane, zan ba Inna haƙuri. In bai yi ba, kada ki sake tayar mini da maganar."

Kwana saba'in ke nan. Na fito ina lissafi da yatsu ina kuka a bayan kicin, a nan Maman Funmi ta same ni ta dawo daga aikin dare da farar rigarta.

"Mama Bamalli, me ya same ka?"

Haka take kirana, irin na garinsu, ta haɗa ni da sunan da nake gudu, kuma da ƙarfi. Hausarta kuwa ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa "kai" ne. Kullum in ta kira ni haka sai in yi kamar ban ji ba. Ranar na amsa, na kwashe komai na faɗa mata.

Ta ajiye jakarta ta zauna a kan turmi. Ta ce lokacin da take koyon aiki a Ibadan ta ga yara biyu masu irin wannan hali, likitoci suna da sunan da suke kiran abin. Yanzu ne nake jin masu rediyo suna cewa otizim, wasu su ce galahanga, a lokacin sunan bai zauna mini ba. Na ce mata allura nawa ake yi.

"Ba allura, ba ƙwaya," in ji ta. "Kai ne magani. Ka zauna ƙasa, fuska da fuska, ka kira sunansa, ka yi wasa da abin da yake wasa."

Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina a rai, ko rashin kiransa da na yi ne ya rufe masa baki. Ta buga cinya ta ce, "Haba! Duk garin nan haka ku yi da ɗan fari, duk su yi magana. Na Ibadan uwa ta kira suna daga safe har dare, yaro shiru. Ba kai ka yi ba, haka Allah ya kawo shi." Na ji sanyi kaɗan, amma gaskiya ban gama yarda ba, har yau ma wani lokaci zancen na dawo mini.

Da hantsi, bayan maigida ya fita, na rufe ƙofa na saki labule, na zauna a ƙasa gaban yaron yana jera marufansa. Bakina ya yi nauyi kamar zan yi ashar. Na ce, "Bamalli." Shekara biyar ina ɓoyon sunan nan kamar kuɗin adashe, na fito da shi, mai shi ko waiwaye bai yi ba.

Mako uku na yi ina fama. In ya ja hannuna wajen randa sai in riƙe moɗa in ce, "Ruwa. Ce ruwa." Shi kuwa sai ihu, sai bango. Goshinsa ya yi tsini ya fashe, ni kuma laulayi na dukana, in yi amai in dawo in zauna. Rannan na riƙe moɗar na ƙi ba shi, ya fizge ta, ya juya ya juya, sai ya dangwara mini ita a cinya da ƙarfi. Maman Funmi na bakin ƙofa tana tsifar kan 'yarta. Ta yi tsalle ta ce, "Ka ba shi! Maza ka ba shi! Magana ke nan ya yi!"

Daga nan dabarar ta zo, kuma ni ta zo wa, wannan ba zan bar wa kowa ba. Na lura yaron nan bai yarda da abin da ke fita daga baki ba, abin da ke hannunsa ya yarda da shi. Muna yara mun iya gina 'yan tukwane na wasa da yumɓu. Na sa aka karɓo mini curin yumɓu wajen Bagwariyar da ke kawo mana tukwane a kafaɗa, na zauna na gina 'yar moɗa kamar ƙwan kaza, da ɗan akushi, da 'yar buta. Na shanya su a inuwa, na binne su a garwashin murhu suka gasu suka yi ja. Na ajiye su a ƙaramin faifai kusa da marufansa.

Yadda muke yi shi ne, in ya nufi randa, Maman Funmi ta tsaya a bayansa ba ta cewa komai, ta kama hannunsa ta ɗora a kan 'yar moɗar, ta kawo hannun har tafina ya sake. Ni kuma nan take in ce, "Ruwa," in miƙa masa. Ranar da take aiki ni kaɗai nake yi, hannu ɗaya na jan nasa, ɗaya na karɓa. Doka ɗaya ta kafa mini, ta kuma maimaita har na gaji da ji.

"Duk lokaci da ya ba ka, ka ba shi abin. Ko tuwo na ƙonewa. Ko sau ɗari. In ka karɓa ba ka ba shi ba, ya gane ƙarya ne, shi ke nan ya rufe."

Tuwo kuwa ya ƙone, ba sau ɗaya ba. Maiturare ya ci ƙanzo a makonnin nan har ya fara tambaya ko itacen bana ne ya fi wuta.

Rana ta goma sha tara da fara wannan ina tankaɗe a tsakar gida, na ji an taɓa mini gwiwa. Na duba, ga shi tsaye yana kallon katanga, hannunsa a miƙe, 'yar moɗa a ciki. Ba wanda ya kama masa hannu. Na watsar da rariyar tankaɗe da garin da komai, na ɗebo ruwa na ba shi. Ya sha, ya ajiye, ya koma wajen marufansa kamar ba a yi komai ba. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi sujada na yi kuka mai daɗi, irin wanda ban sake yi ba tun daga ranar.

Akushi bai ɗauki mako ba. Buta ta ba mu wahala amma ta shiga. Sai na gina ta huɗu, 'yar tsana mai tsawon yatsa, da ɗan curi a bayanta, wato goyo. Wannan sau biyu kawai na nuna masa. In hayaniya ta yi masa yawa, maimakon bango sai ya rugo ya cusa mini ita a hannu, in tamke shi a baya. Maman Funmi na yi mini faɗa, wai mai ciki da goyon ƙato, na ce mata ke kika kafa doka. Ciwon goshinsa ya bushe ya ɓare. Wata rana ina kwance masa majanyi, ya zagayo ya dubi tsakiyar idona, ɗan kaɗan, kamar yadda ake leƙa rijiya, sannan ya wuce.

Baki dai shiru. Kullum in na miƙa masa abu ina faɗin sunan abin, ina kallon leɓɓansa ko za su motsa. Ba su motsa ba. Na riƙa gaya wa kaina ai Malam mijina cewa ya yi ya faɗi abin da yake so, ga shi kuwa yana faɗa. Na san ina yi wa kaina daɗin baki ne, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Inna ta iso washegarin Babbar Sallah, ana tsakiyar suyar nama, gida cike da dangin miji. Maman Funmi na wajen aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ɗauko faifan na ajiye a inda kowa zai gani, na ce wa Malam ya shigo ya tsaya. Yaron ya daɗe a kusurwa ya toshe kunnuwa da yatsu saboda surutu. Can sai ya taso, ya ɗauki 'yar moɗa, ya ratsa matan nan ya sa mini a hannu. Na durƙusa daidai fuskarsa, na manta a inda nake, na ce da ƙarfi, "Ruwa, Bamalli. Ga ruwa."

Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙarar mai a kasko. Wata ƙanwar mijina ta rufe baki da gefen mayafi. Wata ta ce, "Lauratu ce kuwa?" Ka ce tsirara na fito.

Shirun da kallon suka firgita shi. Ya koma faifai da gudu ya ɗauko 'yar tsanar. Kafin ya iso gare ni Inna ta tare shi ta ɓamɓare yatsunsa ta karɓa. Ta ɗaga ta a rana tana juyawa, ta ga kai, ta ga hannuwa, ta ga ɗan da ke baya.

"Inna lillahi! Mutum-mutumi a gidan Musulmi? Wa ya gina wannan?"

"Ni ce, Inna. Goyo yake nufi, in yana son..."

"Da ƙasar wa?"

Na faɗa mata. Ta tambayi wa ya koya mini, ƙanwar mijina ta riga ni amsawa, ta nuna ɗakin haya da baki. Inna ta juya wajen ɗanta, hawaye na zubo mata, don har ga Allah ta yarda da abin da take faɗa. "Ka gani ko? Ga uwa ga ɗa an gina an gasa a wuta. An ɗaure maka yaro a jikin laka, ta ina zai yi magana? Kana kasuwa kana sayar da ƙamshi, gidanka na wari."

Duk wannan Bamalli na tsaye yana miƙa hannu wajen abinsa yana wani irin gunji. Na juya masa baya na durƙusa don ya hau, Inna ta daka mini tsawa in tashi, ciki gare ni. Ta kwashe faifan gaba ɗaya ta juye a turmi, ta ɗauki taɓarya. Bugu huɗu, aikin kwana saba'in ya zama jan gari. Yaron ya tafi bango, ciwon da ya warke ya sake buɗewa.

Na dubi Malam na ce, "Ka gani da idonka ya nemi ruwa."

Bai iya kallona ba. Ya ce, "Da baki na ce, Lauratu."

Washegari da safe suka tafi a motar katako mai zuwa Gawu, maza biyu suka riƙe shi. Ban raka su ko zaure ba, uwar ɗan fari ba ta rakiya. Na zauna na ci gaba da yankan nama, matan suna cewa yawwa, yanzu hankalinta ya dawo. Maman Funmi ta dawo ta taras an gama, ta yi faɗa da Yarabanci da Turanci da Hausa har muryarta ta dushe. Ƙarshen wata aka ce ta nemi wani ɗaki. Da za ta tafi ta rungume ni ta ce, "Mama Bamalli, ka je ka gan shi." Marufan nan kuwa na bar su a jere a gefen rariya har ruwan farko ya tafi da su.

Na haihu mace da bazara. Duk wanda ya zo daga Gawu na tambaya a kaikaice, sai a ce ana dai magani. Ba ni da hanyar zuwa sai yawon arba'in, lokacin da mai jego ke zaga dangi ta nuna jariri. Na ce wa Malam daga Inna zan fara. Aka haɗa ni da wata gwaggonsa, aka ce mu je mu dawo a motar yamma, don kasuwar Gawu ke ci ranar.

Damina ta sauka, gari ya yi kore. Mun sami Inna a tsakar gida, ta rame, hannuwanta duk shaidar cizo. Ta karɓi jaririyar ta yi mata wasa, ta mayar mini na goya. Ta ce mai maganin ya riƙe yaron wata biyu, ya dawo mata da shi ya ce iskar tasa mai taurin kai ce, a ci gaba da hayaƙi a gida. Ban tambaya ba, ita ta ce, "Yana bayan rumbu."

An ɗaure masa ƙafa ɗaya da igiya a jikin turke, an naɗa tsumma a ƙarƙashin igiyar don kada ta ci masa fata. An yi masa 'yar rumfa ta zana. Ya yi tsawo, ya yi baƙi, goshinsa ya yi kanta. Yana tsugune ya ba mu baya yana wani abu da hannu. A gabansa, a gindin rumbu, ga wasu 'yan curarrakin laka a jere, manya a gaba, ƙanana a baya.

"Kin ga abin da kika koya masa," in ji Inna, ba da faɗa ba, da gajiya. "Tunda ruwa ya sauka aikinsa ke nan. Ya kwaɓa laka ya yi ta cusa wa duk wanda ya gifta a hannu. Mu zubar, ya yi ihu, ya sake kwaɓa wata."

Na tsuguna na ɗauki ɗaya. A karkace take, ɗanya, amma ya dangwala babban yatsa a tsakiya ya yi mata rami, ya ja mata ɗan hannu a gefe. Na ɗauki ta biyu, haka. Ta uku, haka.

Na ce, "Inna, moɗa ce. Ruwa yake roƙo."

Ta ce ai ana ba shi ruwa in an ba shi abinci, safe da yamma. Sai ta dubi jerin nan, ta dubi tulin waɗanda aka zubar a gefen zana ruwa ya narkar da rabinsu, ta zauna a ƙasa daɓas ta riƙe kai.

Muryata ya ji. Bai juyo ya dube ni ba, ya dai tsaya cak. Sannan ya ɗauki moɗa ɗaya ya miƙo ta gefe, a hankali, irin miƙon wanda ya saba a ture masa hannu. Na karɓa na ce, "Ruwa, Bamalli." Na ruga randa na cika ƙwarya. Ya shanye, ya miƙo wata, na sake cikawa. Sau uku.

Daga nan ya sa hannu ƙarƙashin tabarmarsa ya fito da wani abu da ya ɓoye. Wannan ta bushe, ta sha hannu har ta yi sheƙi. Doguwa kamar yatsa, da ɗan curi a baya. Ya buɗe tafina da yatsunsa ya sa ta, ya rufe.

Na kwance jaririyar na miƙa wa gwaggo. Na kwance igiyar da kaina, ba wanda ya hana ni. Na durƙusa ya hau, na tamke zani na ƙara majanyin ƙanwarsa, na miƙe da ƙyar, jikin jego. Mutanen gidan suka fito suna kallo, har da surukina na zaure, ban kau da kai ba. Na yi ta zaga rumbun nan da shi ina kiran sunansa, duka biyun. Na ji ƙirjinsa na bugawa a bayana, na ji ya lafa, ya kwantar da kai a tsakanin kafaɗuna. Nauyinsa bai kai na ranar da aka tafi da shi ba.

Ina zagayen ina roƙon Inna. Na ce ta bar ni in tafi da shi, ta ce ba ita kaɗai ba ce, ɗanta ya ce kada a dawo da shi gidan da ke da jariri, dangi kuma sun yanke. Na ce to ni a bar ni a nan, gwaggo ta ce in rufa wa kaina asiri, aurena da jaririyar fa. Na ce to in ya ba da mai rami a ba shi ruwa. Inna ta ce wannan za ta yi. Na ce in ya ba da mai goyo fa? Ta dubi hannuwanta, ta dubi tsawon ƙafafunsa, ta ce, "Ni da wane bayan, 'yar nan?"

La'asar ta yi, aka aiko cewa mota ta cika saura mu. Jaririyar ta farka tana tsala kuka, nono take so. Na sauke shi a tabarma. Gwaggo ta ɗora mini ita a baya, Inna ta mayar da igiyar tana kuka. Shi bai yi ihu ba. Ya tsinci 'yar tsanar inda na ajiye ta, ya taso iyakar tsawon igiya, ya miƙo mini. Wannan karon fuskata yake kallo sosai, abin da na yi kwana saba'in ina nema.

Na san dokar. Na san in na karɓa na yi alkawari. Amma hannunsa na miƙe, kowa a gidan nan ya ture hannun nan, ni ban iya ba. Na karɓa. Ya juya ya ɗaga hannuwa yana jiran in durƙusa. Direba na ta danna oda a bakin kasuwa, gwaggo ta ja ni, na bi ta. Har muka fita zaure yana nan tsaye hannuwansa a sama.

'Yar tsanar tana nan har yau a ƙasan adakata, a ƙulle a tsumma, kan ya ɗan gutsure.

Bayan mako uku wani mai kai doya ya biyo da saƙo daga Gawu. Malam ya shigo da fara'arsa har tsakar gida, ya ce in gode wa Allah, Inna ta ce a gaya mana an fara ganin sauƙi. Yaron ya natsu, ba ya ihu, ba ya cusa wa kowa komai a hannu. Ya daina wasan laka gaba ɗaya.